Muryar da Ke Kiran Ummaru

Rahmatu na tsugune tana juya shanyar kuɓewa a kan tabarma sai muryar ta sake zuwa.

"Ummaru."

Daga bayan katanga ta fito, ta wajen kangon nan da tsohuwar tsamiya take tsaye a tsakiyarsa. Murya ce a shaƙe, mai rawa, irin ta wanda ya daɗe bai buɗe baki ba. Rana ta take tsaka, unguwar Bagama ta yi tsit, kaji ma sun shige ƙarƙashin rumbu sun saki fukafukai. Ɗantala da ke zaune a inuwar ɗaki da littafi a cinya ya ɗago kai, har ya buɗe baki. Rahmatu, duk da ciwon gwiwar da take kuka da shi kullum, ta isa gare shi kafin ya ce komai, ta damƙe wuyan hannunsa.

"Kada ka amsa."

"Inna, sunana fa aka kira."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Wa ka gani?"

Ya dubi katangar. Ba abin da ke kanta sai ƙadangare.

"To wanda ba ka gani ba, ba a amsa masa. Balle da wannan rana, balle daga gindin tsamiya. Ka amsa, ka bi shi ke nan."

Abin da ya fi tayar mata da tsikar jiki shi ne sunan. A duk Bagama ba mai ce wa yaron nan Ummaru. Sunan kakansa ya ci, mahaifin Malam Datti tela, don haka tun ranar suna aka ɓoye shi aka koma Ɗantala, da yake ran Talata aka haife shi. Malaman boko ne kawai suke kiransa Ummaru Bagama, su kuwa suna can Zariya. Duk mai kiran wannan suna a nan, a ganin Rahmatu, ba daga cikin masu rai yake ba.

Ɗantala ɗan fari ne a wajen Malam Datti, kuma shi kaɗai ne. Uwarsa ta rasu yana tsumma, Rahmatu maƙwabciya, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasu, ta ɗauke shi ta goya. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta direban babbar mota kuma ya rasu ya bar ta da gidan, sai yaron ya zama shi ne komai nata. Malam Datti kuwa irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko Ɗantalan ma ba ya fita daga bakinsa. In zai yi zancensa sai ya ce "mutumin gidan Rahmatu". Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka. Kowa ya san wanda ke kunna fitila ya yi ta taka keken ɗinki in lokacin komawa makaranta ya matso.

Kuɗin ɗinki dai ba ya kai yaro jami'a. Sikolashif ɗin jiha ne ya kai Ɗantala, shi ke ciyar da shi a can, shi ke biya masa makwanci da littattafai. Saura shekara guda ya gama sai abubuwa suka cuɗe. Aka ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci, suka yi bore, aka rufe makarantu aka koro su gida. Ana cikin haka masu ba da tallafin a Minna suka ce za su sake tantance kowa, domin kuɗin na 'yan jiha ne. Ba za a ga laifinsu ba. Tun da aka ce za a gina sabon birnin tarayya a kusa, har aka karɓe sunan garin aka ba shi, tsofaffi suna ta tuntuɓe da sabon sunan garin, "Suleja", a bakinsu, baƙi suka cika ko'ina. Mutum zai sauko daga mota da jaka ɗaya, kafin wata ya kama ka ji yana rantsuwa a nan aka binne cibiyarsa.

Wanda aka aiko wani saurayi ne mai yi wa ƙasa hidima, Cletus, daga can gabas, da kakinsa da babur ɗin ofis. Hausarsa ta kasuwa ce, iya ta sayen doya. Ya tarar da Malam Datti a zaure a kan keke, dattawa biyu suna zaune suna hira, Ɗantala na tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

"Baba, wannan yaro Ummaru Bagama, ɗanka ne?"

Malam Datti bai daina taka keke ba. Ya nuna katanga da haɓa.

"Yaron gidan can ne."

"Ba naka ba?"

"Ni ina na ga ɗa kamar wannan."

Dattawan suka yi murmushi, don a wajensu ba amsar da ta fi wannan kyau. Cletus bai ga murmushin ba. Ya zaga gidan Rahmatu ya yi sallama.

"Mama, kai ne ka riƙe shi?"

"Tun bai san kansa ba."

"Kai mutumin ina?"

Rahmatu kuwa in dai aka taɓo nan, ba ta ragi. Ta dafa ƙirji ta ce Bakanuwa ce gaba da baya, aure ne ya kawo ta. Cletus ya yi godiya, ya hau babur. Yaron Bakanuwa ba shi da rabo a kuɗin jihar Neja, aka tsayar da tallafin.

Ɗantala ya bi Cletus har Minna ya yi bayani da Turanci. Cletus ba mugu ba ne, ya saurara, ya dafe kai. Ya ce shi a garinsu uba kan hau kan tebur ya faɗa wa duniya ɗansa na jami'a. Amma ogansa ya gaji da shaidar masu unguwa, ya ce in dai uba na raye, uban ne zai faɗa da bakinsa, ya kama sunan yaro, a gaban ma'aikaci. Cletus zai dawo ran Alhamis. In aka sake ce masa yaron gidan can ne, magana ta ƙare.

A cikin kwanakin jiran Alhamis ɗin ne muryar ta fara.

Da la'asar ɗin ranar da ta hana shi amsawa, Rahmatu ta yafa mayafi ta zaga zauren Malam Datti. Ta same shi kamar kullum, ya ba titi gefe, ya sunkuya a kan keke. Amma mutumin ya zube. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta yi musu shaida, numfashinsa na fita da ƙyar, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun farkon bazara yake wannan ciwo, an yi an yi ya je asibiti ya ce iska ce.

Ta tsuguna daga bakin ƙofa suka gaisa.

"Malam, a kan maganar Alhamis na zo."

Keke na ta tafiya.

"Maganar nan ba ta kai tsawon zaren allurarka ba. Ka faɗa sau ɗaya, ka rufe ido in ka ga dama, yaron nan ya koma karatunsa."

"Ubana har ya koma ga Allah bai kira sunana ba," in ji shi, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ban rasa komai ba."

"Ubanka bai yi zamani da sikolashif ba."

Ya yi wani abu mai kama da dariya, ta juye ta zama tari. Rahmatu ta jira ya lafa. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Shekara ashirin da wani abu suna gaisawa ta kan katanga, ta san taurin kansa kamar yadda ta san turminta.

"Ga kuma wani abu," ta ce, ta rage murya. "Ana kiran yaron nan da tsakar rana. Daga kango. Da sunan Malam babba, mahaifinka."

Keken ya tsaya. Malam Datti bai juyo ba.

"Ya amsa?"

"Ina raye? Na hana shi."

Ya gyara zaren allura.

"Muryar," ya ce, "tana fita sosai?"

"Kamar daga rami. Da ƙyar ake gane sunan."

"To."

Ita dai ta ga tambayar wani iri, amma mara lafiya ba abin da ba ya tambaya. Ta yunƙura za ta tashi sai ya ce, "In akwai wata rigar mutumin gidanki, a aiko min. Wani ya ba da ɗinki, tsayinsu ɗaya." A lokacin ta lura da abin da ke ƙarƙashin allurar. Farin yadi ne, dogo, ya zubo daga kan keke har ƙasa. Ita kuwa ba ta son ganin farin yadi a gidan mara lafiya.

A gida ta buɗe akwati ta yi ta juya kaya. Ana kiran yaro daga gindin tsamiya, ita kuma ta ɗauki rigar da guminsa ke jiki ta fitar da ita waje? Ba da ita ba. Ta tono wata tsohuwa tun ta sakandare, wadda ya daɗe da fin ƙarfinta, ta ba wata yarinya ta miƙa.

Daga ranar Rahmatu ta tashi tsaye. Ta karɓo rubutu ta sa shi ya sha. Ta turara ɗakinsa har idanunsa suka yi ja. Ta kwashe tabarmarsa daga jikin katanga ta mayar ƙofar madafa, inda idonta zai riƙa kai wa gare shi. Ɗantala ya yi ta cewa wannan duk camfi ne, amma in rana ta kusa tsaka sai ta ga ya rufe littafi ya kasa kunne. Boko dai a bakin ƙofar gida yake tuɓe takalmi.

Muryar ba ta fasa ba. Wata rana sau ɗaya, wata rana ta yi ta maimaitawa, tana tsayawa a tsakiyar sunan kamar an shaƙe mai ita, ta sake farowa. Abin da ya fi damun Rahmatu shi ne kullum ƙara fita take yi.

"Inna," in ji Ɗantala ran Laraba, "muryar nan kamar na san ta."

"Haka suke yi. Da muryar wanda ka sani suke zuwa."

"Bari in leƙa kangon."

"Sai dai ka tsallake gawata."

Ya koma ya zauna. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Kina ganin gobe zai faɗa?"

Ta so ta yi masa ƙarya, bakinta ya ƙi. Ta ce Allah ne mai juya zukata. Ya gyaɗa kai. Ta san abin da yake gani: abokansa za su koma Zariya, shi kuma ya tsaya a nan yana rubuta wa 'yan kwangila sunayen lebura.

Ran Alhamis aka wayi gari da ruwa, irin na farkon damina mai ta da ƙamshin ƙasa. Da ya ɗauke, Rahmatu ta ji keken Malam Datti ya tashi ta bayan katanga, da sauri fiye da yadda ya saba, kamar mai son cika alkawarin ɗinkin Salla. Yarinyar da ta kai masa koko ta dawo ta ce Baba ya sa babbar riga da hula sabuwa. Rahmatu ta ce alhamdu lillahi a ranta, ba ta dai gaya wa Ɗantala ba, kada ta sa masa rai a banza.

Da hantsi ya ɗaga keken ya yi shiru.

Unguwa ta yi irin tsit ɗin nan na bayan ruwa. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai ɗigon da ke sauka daga indararo cikin tulu. Rahmatu na tankaɗe, Ɗantala ya yi wanka ya sa farar shat yana jiran babur.

"Ummaru."

Rariyar ta suɓuce daga hannunta. Yau ba daga kango ba ne. Muryar ta matso, tana jikin katangarsu, kuma ta fita tar, ba rawa, ba shaƙewa. Ga shi ko tsakar rana ba ta yi ba.

Ɗantala ya miƙe tsaye.

"Ummaru. Zo."

Rahmatu ta rungume shi ta baya da hannu ɗaya, ɗayan ta toshe masa baki, garin tuwo ya shafe masa fuska. Ƙato ne, da ya so da ya fizge. Bai fizge ba. Tana jin zuciyarsa na bugawa a damtsenta, tana karanto duk abin da ya zo bakinta.

Kiran ya sake zuwa, wannan karon a ƙasa-ƙasa, rabin sunan kawai. Daga nan ba a ƙara ba.

Suka daɗe a haka kafin ta sake shi. Ta share masa fuska da bakin zane kamar yana yaro.

"Ka gani? Ta gaji ta tafi. Allah ya fi su."

A waje kuwa rayuwa na tafiya. Mai ruwa ya wuce da garwarsa ya ce, "Malam Datti, barka da hantsi," ya yi gaba. Wata tsohuwa ta rusuna ta gaishe shi ta wuce. Ba wanda ya tsaya jiran amsa, don Malam Datti da ka yake amsa gaisuwa in yana aiki, kuma ba a ƙura wa dattijo ido.

Rana ta kusa tsaka babur ya tsaya a ƙofar gida. Ɗantala ya fita ya tari Cletus, Rahmatu ta biyo su ta tsaya daga bakin zaure. Malam Datti na zaune a kan kujerarsa cikin babbar riga mai ruwan toka, ƙafarsa a kan matakin keke, kansa a sunkuye kamar mai neman kafar allura. Farin yadin ya zama kaftani, an ninke shi an ajiye a gefen keke.

Cletus ya koyi wani abu a 'yan kwanakin nan. Ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Baba, ina kwana. Ina gajiya."

Shiru.

"Baba, ni ne na dawo. Ba wahala. Ka faɗa sunan yaro, ka ce naka ne, shi ke nan, ni na tafi."

Shiru. Cletus ya dubi Ɗantala, Ɗantala na kallon ƙasa, haƙoransa a cije.

"Abeg, Baba, don Allah. Kada ka ɓata wa yaro karatu."

Rahmatu ce ta karya al'ada ta dube shi a fuska, don haushi ya kawo mata iya wuya. Sai ta ga ƙuda yana tafiya a kan leɓensa na ƙasa, ya taka har gefen baki, ya tsaya yana goge ƙafafu. Malam Datti bai kore shi ba. Idonta ya sauka. Silifansa sun yi kaca-kaca da jar laka, irin wadda ba a samu a titi sai a kango. A kan hularsa da kafaɗarsa akwai 'yan ƙananan ganyen tsamiya da ruwa ya kakkaɓo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Muryarta ta fita kamar ta wata.

Ɗantala ya taɓa hannun uban. Rabonsa da taɓa wannan hannu, shi kansa ba zai iya tunawa ba. Da sauran ɗumi kaɗan.

Salati ya jawo mutane. Cikin waɗanda suka fara isowa har da Stella mai kananzir, wadda take haya a ɗakunan bayan kango tun bayan yaƙin basasa, da galan a hannunta. Ta leƙa, ta ajiye galan ɗin, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ayya, Baba. Yau da safe ma na gan shi ta taga, cikin ruwa."

"A ina?" in ji Rahmatu, ko da yake ta riga ta sani.

"Gindin itacen nan mana. Kullum da rana yana zuwa, in kowa ya shiga ɗaki. Yana tafiya yana hutawa. Sai ya dafa bango, ya ce Ummaru, Ummaru. Ni na ɗauka addu'a ce irin taku, ban so in dame shi ba." Ta share ido da bayan hannu. "Da farko ba ya iya gamawa. Jiya ya gama duka. Ya ce, Ummaru ɗana ne. Sai ya juya ya duba ko wani ya ji, ya rufe baki da hannu kamar yaro ya saci nama."

Rahmatu ta nemi bango ta jingina, ta sulale har ƙasa. Ba ta yi kururuwa ba. Hannunta na dama take kallo, wanda har yanzu da sauran garin tuwo a tsakanin yatsu.

Kafin la'asar aka kai Malam Datti makwancinsa. Cletus bai tafi ba. Ya jingina babur a jikin katanga, ya bi masu ɗauke da makara daga nesa, ya tsaya a bakin maƙabarta da hularsa a hannu. Da aka dawo ya ga dattawan unguwa, har da biyun nan masu murmushi, suna layi suna kama hannun Ɗantala suna cewa Allah ya ji ƙan mahaifinka. Da mutane suka ragu ya zo bakin ƙofar Rahmatu ya tsuguna.

"Mama, sannu. Oga ya ce sai na ji da kunnena. Ni ban ji ba." Ya juya hular a hannunsa. "Kai ka ji?"

"Na ji."

"Ya kira sunan?"

"Ya kira. Ya ce masa zo." Ta dubi hannunta na dama. "Yaron ya tashi zai je. Ni na toshe masa baki."

Cletus ya dubi Ɗantala da ke tsaye a bayanta.

"Kai ma ka ji?"

"Na ji."

Cletus ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Ya ce shi zai gaya wa oga uban ya faɗa, kuma ba ƙarya zai yi ba. In oga na son ƙarin bayani, ya zo Bagama da kansa ya tambayi bango.

Ranar sadakar bakwai ya dawo da ƙullin goro, ya ce an mayar da tallafin. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wata tsohuwa har ta ce saura ya musulunta a ba shi mata. Ɗantala ya yi godiya kamar yadda ya kamata. Rahmatu ta lura bai yi murmushi ba, kuma tun ranar rasuwar bai ce mata komai a kan abin da ya faru ba. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Sai dai ya ci abincinta, ya ce an gode Inna, ya ɗebo mata ruwa ba ta roƙa ba.

Da aka buɗe makarantu ta haɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji da soyayyen gari. Ranar tafiya ya fito daga ɗaki cikin farin kaftanin. Ɗinkin ya yi kyau, an yi wa wuyan aiki da zare mai ruwan ƙasa, irin wanda Malam Datti ba ya yi wa kowa sai ango. Amma hannun ya tsaya masa a sama da wuyan hannu, kafaɗar ta kama shi. Rahmatu ta gane awon wace riga ce, ta kau da kai.

"Ka cire mana, a kai a buɗe maka shi."

"A bar shi haka, Inna."

Motar Zariya sai bayan azahar take tashi. Ya ajiye akwatinsa a tsakar gida ya ce yana zuwa. Ta ji ya zaga, ta ji ƙarar kwaɗon zauren da aka rufe tun ranar sadaka, ta ji ƙofar ta buɗe.

Rana ta take tsaka. Unguwa ta yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Rahmatu na zaune a kan turmi a jikin katanga, ba ta da niyyar saurare, amma kunnenta ya riga ya saba. Ta daɗe ba ta ji komai ba. Ko motsin kujera babu.

Can sai ta ji muryar Ɗantala, a hankali, irin yadda yaro ke yi in babba ya kira shi daga ɗaki.

"Na'am."

Ta ƙara matsawa jikin katangar. Ta kasa kunne ko za ta ji abin da ya riga amsar, ba ta ji ba. Hannunta ya ɗaga da kansa, ta kama shi da ɗayan ta mayar kan cinya.

Aka yi shiru, daidai tsawon da mutum zai faɗi magana gajeriya.

"Na'am, Baba. Ga ni."

A kan katanga ƙadangare ya gyaɗa kai, ya tsaya. Wani ɗan ganyen tsamiya ya sauko daga sama, ya faɗa cikin kuɓewar da ke shanye a tabarma, Rahmatu ba ta tsince shi ba.